Yaya Mastura da Darasin Ranar Alhamis

Yayata Mastura ta girme ni da shekara tara. A unguwar Nuzla ta birnin Jidda aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya iso daga Gumel ta hanyar Sudan, ya yi hajjinsa ya zauna. Babanmu Idris ya yi aikin dako a tashar jirgin ruwa har gwiwoyinsa suka gaza, shi ne ya samar mana jinsiyya, wato takardar zama 'yan ƙasar nan. Ni sunana Nuraddeen, ina da shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Waziriyya. Abin da zan faɗa a kan Yaya, wani na gani da idona, wani kuma a bakinta na ji a kan shayin ranar Juma'a, wanda ba na fashi.

Karatunta ya tsaya a aji biyu na sanawiyya, wato sakandare, shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifiyarmu. Yaya ce ta riƙe gidan, ita ta yi ta kai ni makaranta da hannu. Da ta samu sarari sai ta fara aikin lokacin hajji, tana binciken jakunkunan mata alhazai. Daga nan ta samu tsaron ƙofa a wata ƙaramar makarantar 'yan mata a kudancin gari. A can ambaliyar farkon shekarar 2011 ta same ta. Ruwa ya shigo harabar kafin azahar, malamai suka ruɗe, kowa na kiran mijinta a waya. Yaya ta ja yara aji-aji ta hau da su bene, ta ƙirga su sau uku, ta hana kowa sauka har ma'aikatan difa'il madani, wato masu kashe gobara da ceto, suka zo. Babu wadda ta rasa ko takalmi. Bayan haka ta je ta yi horon su na agajin farko da kashe wuta, ta sake yi, ta sake yi, har masu horarwar suka san ta da suna.

Shekara uku bayan ambaliyar wata jami'a mai zaman kanta a arewacin Jidda ta ɗauke ta a ɓangaren mata. Ba ta daɗe ba aka ba ta shugabancin masu tsaro su bakwai. Kullum ƙarfe shida da rabi tana bakin ƙofa da shuɗiyar rigar aiki da rediyon hannu. Ɗalibai suna kiran ta Khala Mastura, wato Inna Mastura. Ta san wadda direba ke kawowa, ta san wadda ke sauka daga bas ɗin jami'a da idanu jajaye saboda ta tashi tun asuba daga Khumra.

Wata shekara jami'ar ta shigo da sabon darasi na dole ga kowace ɗaliba a shekararta ta biyu, kan tsaro da kare ƙasa. A ciki akwai ma'anar tsaron ƙasa, da yadda ake yaɗa jita-jita a waya, da kare bayanan mutum, da abin da ake yi in gobara ko ambaliya ta tashi. Yaya ta yi murna da ta ji. Ta ce mini da a ce an koya wa malaman tsohuwar makarantarta rabin wannan, da ba ta yi ta ihu ita kaɗai a kan matakala ba.

Murnar ba ta daɗe ba. A zangon farko kusan rabin ɗaliban suka faɗi. A na biyu ma haka. Malamar darasin, Daktora Areej, mace ce mai ƙoƙari, ba ta daɗe da gama digirinta na uku ba, kuma abin ya dame ta ƙwarai. Ta tsara takardar tambayoyi mai shafi huɗu ta raba wa ɗalibai, tana son gano abin da ke hana su fahimta: ko littafin ne, ko malamar, ko rashin sha'awa. Kwana biyu bayan haka Yaya ta tsinci fiye da talatin na takardun a kwandon shara na bakin ƙofa, ba a ko rubuta suna ba. Ta kaɗe su, ta jera, ta kai ofishin Daktora.

Daktora ta yi godiya ba tare da ta ɗago kai sosai ba. Yaya ta tsaya. Ta ce tana da magana in an ba ta izini. Sai ta gaya mata cewa darasin nata yana ranar Alhamis ne, sa'a ta ƙarshe, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu saura, alhali bas ɗin da ke zuwa Khumra da Waziriyya da Nuzla, unguwannin kudancin gari, yana tashi uku da minti goma. Wadda ta rasa shi sai ta nemi mota da kanta ta ratsa gari a cunkoson yammacin Alhamis, kuma yawancin iyayen ba su yarda da haka ba. Don haka 'yan kudu ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar baya tun uku saura.

"Ni nake buɗe musu ƙofar, Daktora," in ji Yaya. "Ina ganin su duk mako. Rabin darasinki ba su taɓa jin sa ba."

Daktora ta ce ita ba ta da hannu a tsarin lokaci, kuma bincike ba a yin sa da abin da mutum ya hango daga bakin ƙofa. Ta faɗa da ladabi, amma Yaya ta gane an sallame ta. Sai da Juma'a ta zo ta ba ni labari tana dariya, irin dariyar da na san akwai ciwo a ƙarƙashinta.

Bayan mako biyu Daktora da kanta ta sauko ɗakin masu tsaro. Ashe ta karɓi jerin sunayen masu hawa bas daga ofishin sufuri ta ɗora a kan sakamakon jarrabawa. Cikin kowaɗanne ɗalibai goma da suka faɗi, bakwai 'yan bas ɗin kudu ne. Ta zauna a kan kujerar roba, ta karɓi shayin da aka miƙa mata, ta ce, "Khala, me kuma kika gani?"

Yaya ta ce ba za ta faɗa da baki ba, sai dai Daktora ta biyo ta. Ta kai ta babban ɗakin da ake darasin, ta zaunar da ita a layin ƙarshe, ta sa ɗaya daga cikin masu tsaro ta tsaya a gaba ta yi magana da makirufo. Lasifikan baya sun mutu tun bara, ga ƙarar na'urar sanyi a saman kai. Daktora ba ta ji komai ba sai gunaguni. A wannan layin kuwa 'yan bas ke zama, don su fi kusa da ƙofa.

Sauran abin ya fito ne a hankali, cikin hirar da suka riƙa yi a makonnin da suka biyo. Ɗalibai suna sakin baki a gaban Yaya kamar ba ta nan, don haka ta san abin da suke faɗa. Da yawa sun ɗauki darasin abin cika lissafi ne kawai, ba ruwansa da likitanci ko kasuwancin da suka zo karanta. Wata ta ce babanta ya leƙa littafin ya ce wannan aikin maza ne, ta mai da hankali ga abin da zai amfane ta. Littafin kansa da Larabci mai nauyi aka rubuta shi, shafi guda jimla uku. Akwai babi sukutum a kan ɗaffaya, jan tulun kashe wutar nan da ke rataye a kowane lungu, amma babu ɗalibar da ta taɓa ɗaga ɗaya. Yaya ta taɓa tambayar wasu su biyar da suka haddace ire-irenta huɗu su nuna mata inda ake cire ƙusar, babu wadda ta iya.

Daktora ta rubuta wa hukumar jami'a. Gyaran lasifika bai ɗauki kwana uku ba. Sauya lokaci ya ci zango guda, aka mai da darasin safiyar Talata. Wanda ya yi wuya shi ne na uku: Daktora ta nemi a bar Yaya ta riƙa koyar da ɓangaren aiki da hannu. Kwamiti ya ce ba a tsayar da wadda ba ta gama sanawiyya ba a gaban ɗaliban jami'a. Aka yi ta kai da kawo. A ƙarshe aka yarda da sharaɗin Daktora tana tsaye a wurin, kuma a takarda a rubuta cewa Yaya mai nuna kayan aiki ce, ba malama ba. Na ji haushin wannan fiye da ita. Ta ce mini halas, shi ke nan, su rubuta abin da suka ga dama, ita dai a ba ta fili da ɗaffaya ashirin.

Ranar farko ba ta yi kyau ba, kuma Yaya ba ta ɓoye laifinta. Ta tara ɗalibai sittin a filin ajiye motoci, ta kunna wuta a cikin rabin duro, ta shiga yi musu irin tsawar da aka yi mata a wurin horo. Ta kira wata ɗaliba mai suna Joud, ta danƙa mata ɗaffaya, ta ce yalla, maza ta kashe. Yarinyar ta daskare. Yaya ta ƙara ɗaga murya. Iska ta juyo da hayaƙin, Joud ta fara tari, ashe tana da asma. Aka kai ta ɗakin jinya tana kuka, sauran suka watse suna ɗaukar hoto da waya. Washegari mahaifin Joud ya shigar da ƙara, aka dakatar da ɓangaren aikin hannu.

Ranar Juma'ar nan Yaya ba ta sha shayi ba. Ta ce ta shekara tana zargin littafi da bas da lasifika, sai ga shi ita ma ta zama dalilin da zai sa yarinya ta tsani darasin. Ta nemi izinin Daktora, ta sami lambar mahaifiyar Joud, ta je gidansu da kanta ta ba da haƙuri. Ta gaya wa mahaifin cewa ya yi daidai da ya kai ƙara, ya kamata ta tambayi masu ciwon ƙirji kafin ta ƙyasta ashana. Mutumin bai ce ya yafe ba a ranar, amma bayan kwana goma ya janye ƙarar.

Da aka sake ba ta dama sai ta sauya komai. Ta raba su takwas-takwas. Makon farko babu wuta sam: kowace ta ɗaga ɗaffaya, ta ji nauyinta, ta cire ƙusa ta mayar har hannunta ya saba. Mako na biyu ta ɗaure musu idanu da mayafi, ta ce kowace ta nemo ƙofar fita daga ɗakin da take zama kullum, tana lalube da bango. Suka yi ta karo da kujeru suna dariya, amma bayan nan babu wadda ta sake shiga ɗaki ba ta duba ƙofofinsa ba. Ta daina tsawa. In ɗaliba ta tsorata sai ta tsaya a bayanta ta riƙe mata gwiwar hannu. Joud ta dawo a mako na huɗu da abin shaƙarta a aljihu, ta kashe wutar daga inda iska ke bayanta, ta juyo tana kallon Yaya.

Akwai wata ɗaliba, Ruba, wadda ta faɗi darasin sau biyu, saura ƙiris a kore ta. 'Yar Khumra ce, mahaifinta direban babbar mota ne a ɗaya daga cikin rumbunan ajiyar kaya. Yaya ta lura cewa duk lokacin da ta yi wa wata mai tsaro magana da Hausa sai kan Ruba ya ɗan juyo. Wata rana ta ce mata da Hausa, "'Yar nan, ke ta gidan wa ce?" Ruba ta amsa da Larabci cewa kakarta Bahaushiya ce daga Sudan, tana jin komai amma bakinta ba ya iya mayarwa. Daga ranar Yaya ke yi mata Hausa, ita tana amsawa da Larabci. A haka ta gano cewa Ruba na aiki a shagon sayar da turare daga la'asar zuwa isha, kuma ba ta da lokacin buɗe littafi sai a cikin bas, inda karatu ke sa ta jiri. Yaya ta kai maganar ga Daktora. Daktora ta fara naɗar taƙaitaccen bayanin kowane babi da muryarta, minti goma sha biyar, da Larabcin da ake yi a gida, ta tura wa duk ajin. Ruba ta riƙa saurare a hanya. Ta ci jarrabawar, ba da babban maki ba, amma ta ci.

A ƙarshen shekarar masu faɗuwa suka ragu daga kusan rabi zuwa ɗaya cikin shida. Daktora ta rubuta binciken nata a kan abubuwan da ke tasiri ga fahimtar ɗalibai a wannan darasi, ta gabatar da shi a wani taron malamai da jami'ar ta shirya. Ta aiko wa Yaya katin gayyata guda biyu, ni na raka ta. Yaya ta ƙi sa abaya ta biki, ta je da rigar aikinta, ta ce daga dawam take, wato bakin aiki, kuma can za ta koma.

Na zauna a ɓangaren baƙi ina jin Daktora tana bayani da jadawali da lambobi. Ta ce bincikenta ya nuna lokacin darasi da hanyar zuwa gida sun fi komai tasiri, sai aiki da hannu, sai ra'ayin iyaye. Sannan ta ajiye takardar, ta ce abubuwan nan uku ba ita ta gano su ba, ta dai auna su ne. Ta kira sunan Mastura Idris, ta roƙe ta ta miƙe. Yaya ta miƙe a can gefe kusa da ƙofa, inda ta zaɓa ta zauna, rediyonta a hannu. Ɗalibai da ke bayan zauren suka fara tafi kafin malamai. Ni kam na sunkuyar da kai, na yi kamar ina gyara takalmi.

A mota na tambaye ta yadda ta ji. Ta ce ta ji daɗi, amma Daktora ta yi kuskure a abu ɗaya. A ganinta tsoron jin kunya a gaban ƙawaye ya fi ra'ayin iyaye hana yarinya koyo, sai dai ba a iya sa shi a takardar tambayoyi, don babu wadda za ta amsa da gaskiya. Ta ce ta riga ta gaya wa Daktora, sun yi gardama, kowa ta tsaya a kan nata.

Abin da ya biyo baya ni ma ban zata ba. A zangon da ya wuce Yaya ta nemi Daktora ta bar ta ta zauna rubutacciyar jarrabawar tare da ɗalibai, ba don a ba ta takarda ba, don ta san matsayinta. Ta ce ba daidai ba ne ta riƙa cewa littafin ya yi nauyi alhali ba ta taɓa karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Wata biyu tana fama da shi bayan sallar asuba, da tabarau a kan hanci da fensir a hannu. Babin kare bayanai a waya ya ba ta wahala, har ta riƙa tsayar da ɗalibai a bakin ƙofa su yi mata bayani. Su kuma abin ya yi musu daɗi, suna rige-rigen koya wa Khala.

Ta sami sittin da huɗu cikin ɗari. Ta kawo mini takardar har shago, ta shimfiɗa a kan wata na'ura da nake kwancewa, ta nuna mini inda ta ci cikakken maki da inda ta zubar. Tambayoyin gobara da ambaliya ba ta rasa ko ɗaya ba. A ma'anar tsaron ƙasa ta rubuta abin da ke ranta maimakon abin da ke littafi, Daktora ta ba ta rabin maki, ta rubuta a gefe cewa amsa ce mai kyau ga wata tambaya dabam.

"Ka san me na gano, Nuraddeen?" in ji ta. "Littafin nan akwai abin kirki a cikinsa. Wanda ya rubuta shi ne bai taɓa tsayawa a gaban yarinya mai jin barci ba."

Na ce ta bar mini takardar in sa a gilashi in rataye a shago. Ta ce a'a, tana so ta nuna wa masu tsaronta su bakwai, don biyu daga cikinsu sun ce su ma za su gwada a zango mai zuwa. Ta naɗe ta, ta sa a jaka, ta tambaye ni ko ɗaffayar shagona tana aiki. Na ce tana aiki. Ta je ta ɗauko ta daga bayan ƙofa, ta duba agogon awo da ke wuyan tulun, ta ga allurar ta faɗi ƙasa tun ban san yaushe ba. Ba ta bar shagon ba sai da na rufe, na sa tulun a mota, muka tafi Khumra wurin masu cikawa.